Filin Jirgin Saman Kano da Abin da Ya Kamata Mace Ta Sani

 

Makon nan zancenmu a kan filin jirgin sama na Kano ne. Wata 'yar makaranta ce ta rubuto tana tambaya, wai me ya sa jirgin sama ya fara sauka Kano, alhali kuwa Ikko ce babban birnin ƙasa a zamanin? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa ba ta 'yan makaranta kaɗai ba ce. Yau da wuya a sami unguwar da babu macen da ta bi ta filin nan, ko don Hajji, ko Umra, ko neman magani, ko fatauci, ko karatu. To, bari mu fara da tarihi, sa'an nan mu zo kan abin da ya shafe mu.

Ran 1 ga watan Nuwamba 1925 jiragen sama guda uku na sojan Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Cadi, suna yada zango suna shan mai. Shugabansu wani hafsa ne, ana ce da shi Arthur Coningham. Kun ga ke nan daga gabas suka ɓullo, ba daga bakin teku ba, shi ya sa Kano ta riga Ikko ganinsu. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano, daga baya a cikin shekarar aka miƙa hanyar har Ikko.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, daga 1940 Turawa suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Can ake harhaɗa su, sa'an nan su taso ta Ikko, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya, filin Kano kuwa ya ƙara girma.

Bayan yaƙi sai harka ta buɗe sosai. Dalilin kuwa shi ne dalilin da ya sa ayarin raƙuma suke sauke kaya a Kano tun zamanin kakanninmu. Duk wanda ya ƙetare hamada, lalle ne ya nemi zango. Jiragen lokacin masu farfela ne, ba su iya tafiya daga Turai zuwa Kwango ko Afirka ta Kudu da mai ɗaya. Sai su sauka Kano su sha mai, fasinja su ci abinci su miƙe ƙafa. Kamfanin KLM na Holan ya fara zuwa a 1947. A shekarun 1950 har akwai mutum bisa raƙumi da yake busa kakaki in jirgi ya gabato, baƙi suna ta ɗaukar hotonsa.

Amma zango na mai gajiya ne. Da aka ƙera manyan jirage masu dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta bisa kanmu ba su sauka. Kamfanonin Turai suka janye ɗaya bayan ɗaya, har KLM ma ya daina zuwa a 2012, bayan shekara 65. Abin da ya ɗore shi ne hanyar gabas, watau ta Makka da Madina.

Nan fa nake so ku tsaya ku yi tunani. Kakanninmu da ƙafa suke zuwa Hajji, ko bisa jaki. Mutum ya sallami danginsa kamar ba za a sake ganawa ba, ya bi ta Barno, ya shiga Cadi, ya faɗa Sudan. In guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi ƙodago, ko ya yi noma damina ɗaya ko biyu, sa'an nan ya ci gaba har bakin Bahar Maliya. Wasu sukan shekara biyar, wasu fiye. Mata sun haihu a hanya, sun yaye a hanya, wasu sun binne 'ya'yansu a hanya. Da yawa ba su komo ba, zuriyarsu ce Hausawan da ke Sudan har yau. Yanzu kuwa daga Kano zuwa Jidda kamar awa biyar ne. Ki yi sallar asuba a gidanki, ki yi ta isha'i a Ƙasa Mai Tsarki.

Sai dai kowace hanya da irin guzurinta. Ta dā ƙarfin ƙafa take so da haƙuri. Ta yau karatu take so. Bari in zaga da ku filin ku gani.

Filin yana bayan Sabon Gari, hukumar kula da filayen jiragen sama ta Gwamnatin Tarayya ce take riƙe da shi. Akwai ɓangaren masu tafiya cikin gida, kamar Abuja da Ikko, akwai na masu fita ƙasashen waje. Titin da manyan jirage suke gudu a kai ya fi kilomita uku tsawo. Akwai hasumiya inda ma'aikata suke magana da matuƙa, su ne masu ba da izinin tashi da sauka. Akwai masu duban yanayi, da 'yan kwana-kwana a shirye dare da rana, da ma'aikatan lafiya, da wurin salla. Sojan sama ma suna da nasu gefe.

Mai fita waje takan fara da wurin awon kaya. Nan za a dubi fasfonta da tikiti, a auna jakunkuna, a liƙa musu lamba, a ba ta takardar shiga jirgi da 'yar takardar shaidar kaya. Daga nan sai masu bincike, da kwastan, da ma'aikatan hana fataucin miyagun ƙwayoyi, da na shige da fice waɗanda za su buga mata hatimi. Mace ce take laluben mace, kada wannan ya dame ki. Kowace ƙofa a cikin waɗannan takarda ce take buɗe ta. Wadda ba ta karatu sai ta miƙa takardunta ga wanda ba ta sani ba, abin da ya faɗa mata shi ke nan.

Kada ku ɗauki wannan ƙaramin abu. A watan Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba a Madina, ta je Umra tare da 'yan'uwanta, aka ce an sami ƙwayoyi a cikin wata jaka mai ɗauke da sunanta. Hukuncin wannan laifi a Saudiyya yakan kai ga kisa. Da hukumar hana fataucin ƙwayoyi ta yi bincike, sai ta gano wasu miyagu ne a filin jirgin suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Sai a ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare. Wannan fa mai ilmi ce, ta kuma sami masu tsaya mata. Ina ga tsohuwar da ta fito daga ƙauye, ba ta san ko baƙi ɗaya ba?

Saboda haka ga shawarata. Ki ɗaure kayanki da hannunki. Ki tsaya a wurin awo har ki ga an liƙa lamba, ki karanta 'yar takardar da aka ba ki, ki ga jaka nawa aka rubuta da sunanki. In biyu kika kawo kika ga uku, kada ki gusa sai an gyara. Ki adana takardar nan har ki komo gida. Kada ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da an haɗa ki da Allah, ko da an ce magani ne za a kai wa mara lafiya. Kunya ba ta fid da mutum daga kurkuku. Mai zuwa Hajji ta saurari abin da hukumar alhazai ta hana ɗauka, har goro an sha yin gargaɗi a kansa. Katin rigakafi, musamman na sanƙarau da shawara, ya zauna tare da fasfo a jakar hannu, ba a cikin babban akwati ba. Mai tsohon ciki ta ga likita kafin a sayi tikiti. Mai goyo kuwa ta ba jariri nono sa'ad da jirgi zai tashi da sa'ad da zai sauka, haɗiya tana rage masa ciwon kunne.

In an ce jirgi ya yi jinkiri saboda hazo ko hadari, a yi haƙuri, kada a zagi ma'aikata. Ran 24 ga watan Yuni 1956 wani jirgin Ingila ya tashi daga Kano cikin hadari, ya faɗi nan take, mutum 32 suka mutu. Ran 22 ga watan Janairu 1973 kuma jirgin alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Gara a kwana a kan benci da a yi gaggawar da ba a komowa.

Ku kuwa 'yan makaranta, in kun raka kakanninku ko maƙwabta, ku ne idanunsu. Ku karanta musu tikiti, ku nuna musu ranar tashi da lokaci, ku rubuta musu lambar wayar gida su sa a jaka. Kada kuma ku ce aikin filin jirgi na maza ne. A Zariya, nan kusa da mu, akwai makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa da aikin hasumiya, tun 1964 aka kafa ta. Can Kyaftin Chinyere Kalu ta yi karatu, ita ce mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin sama, a 2011 kuma ta zama shugabar makarantar. Mai sha'awa ta riƙe lissafi da kimiyya da Turanci da kyau tun yanzu.

Sunan da filin yake amsawa ma abin tunawa ne. Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, ya kuwa daɗe yana kira a bar 'ya'ya mata su yi karatu, a kuma ba su 'yancin jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai 1976. Iyaye mata, in kuna son 'yarku ta shiga filin nan ta fita ba wanda ya cuce ta, ku bar ta ta gama makaranta. Wadda kuma ba ta samu tana yarinya ba, ajin yaƙi da jahilci bai rufe ƙofa ba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Taku a kullum,
Malama