Matambayi Ba Ya Ɓata, In Ya San Wanda Ya Tambaya

Ran nan Malaminmu na tarihi ya ba mu aikin gida a kan Sarauniya Amina ta Zazzau. Da na koma gida sai na ari wayar yayana, na rubuta tambayata, kafin ƙiftawar ido ga amsa ta fito a shirye. Na kwafe ta tsaf, na kai makaranta ina taƙama. Malam ya karanta, ya dube ni ya ce, "Wane ne ya faɗi wannan, a wane littafi?" Na yi tsuru-tsuru. Abin da na rubuta bai zama ƙarya ba, amma ban san mai maganar ba. Wannan kunya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

'Yan'uwana ɗalibai, injin bincike na yau ba irin na da ba ne. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a Amurka cikin 1998, aikinsa shi ne ya jero wa mutum shafuka, shi kuwa ya shiga ya karanta ya zaɓa. Suna ta yi masa gyare-gyare, kamar na 2011 da ake kira Panda, wanda ya tura shafukan da ba su da inganci can ƙasa. To, a watan Mayu na 2024 sai suka fito da AI Overviews, inda na'ura ke tattaro bayanai ta taƙaita, ta ɗora amsa a sama. Mutum ya karanta ya rufe waya, bai leƙa ko shafi ɗaya ba.

Ban ce abin ba shi da amfani ba. Yana rage wahala da ɓata lokaci. Amma na'urar takan yi kuskure, kuma ba ta jin kunya. A wannan wata na Mayu ta shawarci mutane su zuba gam a cikin wani abincin Turawa mai suna piza don cuku ya manne. Ashe wani ne ya rubuta haka da wasa a Reddit shekaru da suka wuce, ita kuwa ta ɗauka gaskiya ce. Wanda ya buɗe shafin da kansa zai gane raha ce.

Akwai kuma wata illa. Shafukan nan mutane ne suka zauna suka rubuta su. Su ne rijiya, injin bincike guga ne kawai. In kowa ya daina zuwa wurinsu, gwiwarsu za ta yi sanyi su bar rubutu, guga kuma ba ya ɗebo ruwa a busasshiyar rijiya. Mu Hausawa abin ya fi shafa, don rubutunmu a intanet bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka shawarata ita ce, in amsa ta fito, mu duba inda aka samo ta, mu buɗe shafin, mu gwada da littafin da ke laburare, mu tambayi malamai. Iyayenmu kuma, in mun kawo aikin gida, don Allah ku riƙa yi mana tambayar da Malam ya yi mini: "Wa ya faɗa?" Ni dai tun ranar ban sake miƙa aikin da ban san tushensa ba.