Sharhi: Filin Gudun Unguwa Ba Wurin Binciken Jikin Mata Ba Ne

A watan Yulin 2019, Aminatou Seyni ta yi gudun mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a birnin Lozan na Suwizalan, bajintar da babu wata ƴar Nijar da ta taɓa yi. Kafin shekarar ta ƙare, a gasar duniya ta Doha, ba ta samu damar yin wannan gudun ba. Dokar hukumar World Athletics ta ce macen da aka haifa da sinadarin testosterone mai yawa a jini sai ta sha maganin rage shi kafin ta shiga tseren mita 400 zuwa mil ɗaya. Aminatou ta koma mita 200, har ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022 a Amurka. A Maris 2023 aka faɗaɗa dokar ta shafi kowane irin tsere, kuma daga 1 ga Satumba 2025 sai an yi wa mace gwajin ƙwayar halitta kafin ta shiga manyan gasanni.

Yanzu gardamar ta gangaro zuwa gudun motsa jiki. A Ingila, shirin Parkrun, gudun kilomita 5 na kyauta da ake yi kowace Asabar tun 2004, yana barin mutum ya zaɓi rukunin da zai shiga da kansa. Wasu mata sun yi ƙorafi cewa waɗanda aka haifa maza suna kafa tarihi a rukuninsu. A Fabrairun 2024 masu shirin suka cire jerin gwanaye daga shafinsu, amma ba su sauya ƙa'idar ba.

Ƙorafin yana da tushe. An ware rukunin mata ne domin idan aka haɗa su da maza ba kasafai za su kai ga kyauta ba. Inda akwai kuɗi ko kofi, dole a kare wannan rukuni.

Sai dai abin da ke jiran Damagaram daban ne. Idan gobe matasan Zermu ko Mirya suka shirya tsere, da wuya namiji ya zo ya rubuta sunansa cikin mata. Abin da ya fi kusa shi ne yarinya doguwa mai faɗin kafaɗa da kaurin murya ta yi nasara, sai a fara raɗa, a ɗauki hotonta a watsa a WhatsApp ana kiranta mata-maza. Aminatou ƴar wasa ce da duniya ta sani, amma ba ta tsira daga surutu ba. Ina ga ƴar lakwal da za ta koma gida cikin dangi da maƙwabta? Wannan suna zai bi ta makaranta, ya bi ta har batun aure, kuma iyayen sauran ƴan mata za su hana nasu fita.

Don haka masu shirya gudu, makarantu ne ko ƙungiyoyin unguwa, su rubuta ƙa'ida tun kafin ranar tsere. Takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa ko na makaranta ya wadatar. Kada a tuɓe kowa, kada a tura kowa asibiti. Mai ƙorafi ya kai shi a rubuce ga kwamiti mai mata a ciki, a duba a asirce. Wanda ya tozarta ƴar tsere a fili, a kore shi daga gasar.

Ƴan Damagaram mazauna waje da ke turo kuɗin kyauta da takalma su nemi ganin wannan ƙa'ida kafin su saki ko dala ɗaya. Ƴan matan da ke fitowa gudu da sassafe ba su da yawa. Idan aka kunyata ɗaya daga cikinsu, sauran ba za su sake ɗaura takalmi ba.