A Riƙa Rubuta Sunan Wata

Jama'a, ina da 'yar magana ga 'yan'uwana masu shirin zama malamai, a kan rubuta kwanan wata a kwamfuta.

Tun muna firamare aka koya mana mu fara da rana, sa'an nan wata, sa'an nan shekara, yadda mutanen Ingila su ke yi. Kowane yaro ya ga 1/10/1960 ya san ranar samun mulkin kan Nijeriya ce. Amma mutanen Amurka da wata su ke farawa, watau a wurinsu 10 ga Janairu ke nan. Ita kuwa kwamfuta ba ta san inda aka kawo ta ba, sai ƙasar da aka zaɓa mata a ciki, kuma da yawa da tsarin Amurka su ke zuwa mana.

Bara, da na je gwajin koyarwa, hedimasta ya sa ni in shigar da ranakun haihuwar 'yan ajina. Wata yarinya an haife ta 3 ga Nuwamba, na buga 3/11/2013. Kwamfuta ta karɓa ba musu, ashe 11 ga Maris ta ajiye. Waɗanda ranarsu ta wuce 12 kuwa, kamar 25/11, da ya ke babu wata na 25, sai ta bar su rubutu kawai, ba ta lissafta su kwanan wata ba. Da na ce ta jera yara daga babba zuwa ƙarami, kai, sai ka ce an zubar da tsaba! Allah ya sa na lura. Da kuskuren ya hau takardar jarrabawa, da uban yarinyar nan ya sha zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa.

Wani abokina ya ce mu koma tsarin da aka yarda da shi a duniya tun 1988, shekara, wata, rana: 2013-11-03. Na yarda ya fi kyau ga jeri a cikin kwamfuta. Amma fa iyayen yara ba su saba da shi ba, kuma su a ke kai wa takarda.

Ni dai a ganina, duk kwamfutar ɗakin karatunmu a shiga wurin zaɓen ƙasa a sa mata Nijeriya, aikin minti biyu ne. Takardar da za ta fita makaranta kuwa, a rubuta 3 ga Nuwamba, 2013, da sunan watan ɓaro-ɓaro.