Kafin Ka Aika Da Kuɗin Maganin Ido Gida

Duk mutumin Arewa da ke neman abinci a Kurmi, ko a Agege yake ko a Sabon Badun ko a Fatakwal, ya san irin saƙon da kan zo daga gida: idon Baba ya yi yana, ko Inna ta fara lalube. Mutanen Anguwan Rogo ta Jos, waɗanda da yawansu ke bin motocin kayan gwari daga Farin Gada zuwa Ikko, su ma sun san shi. Sai mutum ya kwance aljihu ya aika, ya ce a nemi magani. Amma wane magani? A nan ne yawancinmu muke sakaci, alhali kuwa mai ba da kuɗi shi ke da ta cewa.

Ra'ayina shi ne kada a kai idon tsoho ko'ina sai inda ake aiki da maganin da likitoci suka gwada, suka ƙidaya waɗanda ya warkar da waɗanda bai warkar ba. Wannan gwaji kuwa ba a Turai kaɗai ake yinsa ba. An yi shi a ƙasarmu, kuma Jihar Filato ta ci moriyarsa.

Ku dubi makantar bakin kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa. A 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da ƙwayar Mectizan kyauta. Amma ko tana tsare ido? Sai Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka shiga ƙauyuka 34 na Jihar Kaduna. Aka yi ƙuri'a, wasu suka sha ƙwayar gaske, wasu suka sha mai kama da ita wadda ba magani a ciki, aka yi ta duba idanunsu shekara bayan shekara. Sakamakon da aka buga a 1993 ya nuna cewa shan ƙwayar sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar gani ga waɗanda tsutsar ta yi wa yawa. Cibiyar Carter, mai ofis a Jos, ta haɗa kai da Ma'aikatar Lafiya aka yi ta rabon ƙwayar gida gida a Filato da Nasarawa, har a 2018 aka ba da sanarwar cewa mutum fiye da miliyan 2 ba su bukatar ci gaba da sha, don cutar ta daina yaɗuwa. Gani ya kori ji.

To, mu koma kan yanar ido, wadda ta fi damun tsofaffinmu. Daga 2005 zuwa 2007 an yi babban bincike a duk faɗin Nijeriya, aka duba idanun mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An tarar kusan mutum 4 cikin 100 makafi ne, kuma yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar. Abin takaici, cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 cikin 100 ba likita ne ya yi ba, masu sokar ido na gargajiya ne. Cikin waɗannan da aka soka, fiye da 7 cikin 10 an same su a makance.

Dalilin ba boyayye ba ne. Yana ba fata ce da ta rufe ido daga waje ba, ƙwayar cikin ido ce da ke tattara haske ta dushe. Mai soka yakan tura ta ne ta faɗa can cikin ido. Nan take tsoho ya ga haske, 'yan kallo su yi tafi, a biya kuɗi, mai aiki ya bar gari. Bayan kwanaki sai ciwo da kumburi su biyo, ga shi ido ba ya da abin tattara haske. Likita kuwa fitar da ƙwayar yake yi, ya sa ta roba a gurbinta. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, ba a sa mutum barci, aikin da wuya ya wuce rabin sa'a, washegari a buɗe ido. Mutumin Anguwan Rogo ba ya da uzurin nisa: ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ga Jankwano, in abin ya yi tsanani ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Araha ba ta ado, balle a ido.

Akwai kuma hawan jinin ido, wanda ya fi yana mugunta, domin ganin da ya ɗauke ba ya dawowa. Binciken nan ya nuna mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da shi, kuma kusan 1 cikin 20 ne kawai ya san yana ɗauke da shi. Maganinsa ɗigo ne kullum har ƙarshen rai, ko aikin fiɗa, ko ƙona wani sashe da haske don rage matsin ruwan ido. Nan ne aikin ɗan ci-rani yake. Kwalba ɗaya ba ta isa, sai a ware kuɗin ɗigo kowane wata kamar yadda ake ware na hatsi. Cutar tana bin dangi, saboda haka in an same ta ga mahaifinka, kai ma je asibiti a inda kake a auna ka. A kuma guji sayen ɗigo a kemis ba da takardar likita ba, don wasu suna kashe ƙaiƙayi amma suna ɗaga matsin ido in an daɗe ana sawa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su tuna 1996, lokacin sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara wajen 200, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, har aka kai ga shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ba a ga laifinsa ba. Amma darasin Kano ba gudun asibiti ba ne, sanin haƙƙi ne. In likita ya nemi tsohonka ya shiga bincike, dole a yi masa bayani da Hausa, a faɗa masa amfani da haɗari, ya yarda don kansa, kuma yana iya fita ran da ya ga dama ba tare da an hana shi magani ba. Mai sokar ido kuwa, wa ya taɓa neman bayani a wurinsa, ko ya ƙidaya idanun da ya kashe?

Saboda haka, jama'a, in saƙo ya zo, kada a tsaya ga aika kuɗi. A tambayi sunan asibiti, a nemi a karanto abin da likita ya rubuta, a sa ɗan'uwa mai hankali ya yi rakiya, a kuma tabbata an koma ranar da aka ce a koma. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu na kasuwa a nan Kurmi su ma suna iya gayyato likitocin ido su auna jama'a a Zango sau ɗaya a shekara. Allah Ya bar mu da ganinmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi.