Me Farfesan injiniya yake yi in ya fita daga aji?



Lokacin da muke sakandare mun ɗauka aikin Farfesa shi ne ya shigo aji da babbar riga, ya yi magana ta awa biyu, ya shiga mota ya tafi. Sai da muka kai aji uku a sashen injiniyan gine-gine muka gane koyarwa kashi ɗaya ce kawai cikin aikinsa.

Bari mu ba ku labarin kankare. A ɗakin gwaje-gwaje ana kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, a zuba a wani ƙaramin akwatin ƙarfe, washegari a fitar da dunƙulen a jiƙa shi a ruwa har kwana 28. Daga nan a sa shi a inji ya matse shi har ya fashe, a ga nauyin da ya iya ɗauka. Mu da namu kwaɓin ya yi tauri, muka ƙara ruwa ba tare da awo ba don ya yi daɗin juyawa. Ranar gwaji ya farfashe tun inji bai yi nisa ba. Farfesan bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ɓaraguzan ya murza a hannu, ya tambaye mu wa zai kwana a ƙarƙashin dakin da aka zuba da wannan. Muka yi tsuru-tsuru. Muka sake kwaɓi, muka sake jiran kwana 28.

Ruwa idan ya yi yawa yana barin ƙananan ramuka a cikin kankare bayan ya bushe, ƙarfinsa sai ya ragu. Mun karanta haka a littafi, amma ranar muka yarda.

Bayan aji, Farfesa yana bincike yana wallafawa a mujallun ilimi, yana duba aikin masu digiri na biyu da na uku, ga zaman kwamitoci, ga tulin takardun jarrabawa. Wani lokaci gwamnati kan ɗauko shi ta ba shi aiki. Farfesa Umar Garba Danbatta daga Jami'ar Bayero ya fito, ya shugabanci hukumar sadarwa ta NCC daga 2015 zuwa 2023.

Hanyar kuwa tana da tsawo. Karatun injiniya shekara 5 ne, da wata shida na koyon aiki a aji huɗu, sai bautar ƙasa. Wanda ya fita da sakamako mai kyau za a iya ɗaukarsa mataimakin malami. Sai digiri na biyu, sai digirin digirgir, yana hawa mataki-mataki daga ƙaramin lakcara zuwa babba, kuma a kowane mataki sai an ƙirga abin da ya rubuta. Kafin a kira shi Farfesa sai an aika ayyukansa ga wasu farfesoshi na wajen jami'arsa su tantance. Ga kuma rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan tun 1970. Farfesa yana ritaya ne yana da shekara 70.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai wahala. Wuta na ɗaukewa ana tsakiyar gwaji, wasu injinan sun girmi iyayenmu. Yajin aikin 2022 ya cinye wata takwas, da yawa daga cikin malamai sun sha jiki. Wanda kuɗin gaggawa yake nema, gaskiya ya duba wata ƙofar.

Ku da kuke SS1 da SS2, abin da ke hannunku yanzu shi ne Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Ingilishi. Su huɗun za ku rubuta a JAMB, kuma dole ku samu kiredit ɗinsu a WAEC ko NECO. In makarantarku na koyar da zanen fasaha ko ƙarin lissafi, kada ku gudu. Mu da muka gudu, dare nawa muka raba a aji ɗaya muna fama da fensir da rula! 'Yan mata, da ku muke, don a ajinmu wadda ta fi kowa iya lissafin ƙarfen gini mace ce.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu leƙa sashen injiniyan lantarki.