Zaftarewar ƙanƙara a tsaunukan Alps: gargaɗi na ceton ƙauyuka, amma matafiya na ci gaba da halaka

A ranar 28 ga Mayu, 2025, wani katafaren ɓangare na dutse da daskararriyar ƙanƙara ya zaftaro ya binne mafi yawan ƙauyen Blatten da ke ƙasar Suwizalan. Mutum ɗaya ne kacal ya rasu, domin tun kwanaki tara kafin nan hukumomi suka kwashe mazauna kusan 300 bisa gargaɗin masana.

Wannan nasara tana da tarihi. A hunturun 1950 zuwa 1951, zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe mutum 98 a ƙasar. Daga nan aka girke shingayen ƙarfe a gangaren duwatsu, aka haramta gini a wuraren haɗari, yayin da cibiyar bincike ta SLF da ke Davos take fitar da hasashe kullum a lokacin hunturu.

Sai dai har yanzu kimanin mutum 20 na rasuwa duk shekara, kuma akasarinsu masu wasan zamiya ne da mahaya tsauni da ke barin hanyoyin da ake gadi su shiga inda babu mai lura da ƙanƙarar. Mafi yawan lokuta, mamacin ne da kansa ko abokin tafiyarsa ke haddasa zaftarewar.

Dalili kuwa shi ne, dusar ƙanƙara na taruwa ne hawa-hawa. Idan sabuwa mai nauyi, wadda iska ta tara, ta hau kan tsohuwa mai rauni a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45, nauyin mutum ɗaya ya isa ya sa na sama ya tsage ya sulalo. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yakan rayu. Bayan rabin sa'a, mafi yawa numfashi ya riga ya ƙare musu.

Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'aunin haɗari mai mataki biyar. Abin lura shi ne, kusan rabin mace-macen na faruwa ne a mataki na uku, ba na biyar ba. A mataki na biyar kowa na zaman gida. Na uku kuwa yakan zo da rana mai haske da ƙanƙara mai kyan gani, sai mutum ya ɗauka matsakaicin lamba na nufin matsakaicin haɗari.

Nan gizo ke saƙar. Hukuma na iya kwashe ƙauye ko rufe hanya, amma ba ta iya tsare kowane gangare. Ɗumamar yanayi kuma na ƙara dagula lissafi, domin ruwan sama na sauka kan ƙanƙara a inda da ba a saba ba. Saboda haka aikin da ya rage shi ne koyar da matafiya karanta hasashen, da ɗaukar na'urar gano wanda ya binnu, da sanda da shebur, da kuma yarda su juya baya idan gangaren bai kwanta musu ba.