GARIN GWANGWANI NA MASU CIWON SUGA: ABINCI NE, BA MAGANI BA

Ya ku ɗalibai da iyaye, akwai wani gari na gwangwani da ake sayarwa a shagunan magani, ana dama shi da ruwa a sha a madadin abinci. Wanda aka fi sani shi ne Glucerna, na kamfanin Abbott da ke Amurka. An haɗa shi ne ta yadda zai narke sannu a hankali, don kada suga ya hau jini farat ɗaya.

To, ku sani wannan garin abinci ne, ba magani ba. Ba ya warkar da ciwon suga, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya ko allurar insulin. Amfaninsa yana ga tsohon da ya kasa tauna, ko majiyyacin da abinci ya fita ransa, shi ma sai da izinin likita.

Hatsari biyu nake jiye mana. Na farko, mutum ya ajiye maganinsa wai ya samu gwangwani, suga ya yi ta cin idonsa da ƙodarsa bai sani ba. Na biyu, ya sha magani amma ya taƙaita abinci fiye da kima, suga ya faɗi, sai karkarwa da zufa da jiri, har suma.

Sannan ga tsada. Ina hikimar maigida ya fitar da hatsin rumbunsa ya sayar don gwangwanin da ba zai yi mako biyu ba? Alhali gonakin Tsafe da Bungudu suna ba mu wake da gyaɗa da zogale da rama da kuɓewa. A rage malmalar tuwo, a yawaita ganye da wake, a sha fura da kunu kaɗan ba suga ba zuma, a bar lemon kwalba.

Wanda zai saya, ya fara zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura a Gusau, ko asibiti mafi kusa, a auna shi. Ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin ba kowane gwangwani aka yi wa masu suga ba. Mai niyyar azumi ya ga likita tun cikin Sha'aban.

Ku kuma ɗalibai, ku karanta wa kakanninku wannan, ku riƙa tuna musu lokacin shan magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Wassalam.